San Gimignano, garin hasumiyoyi: tambayoyin masu niyyar zuwa da amsoshinsu

Motar da ta taso daga garin Poggibonsi takan yi ta hawa tana shan kwana a tsakanin gonakin inabi da na zaitun. Can sai ka ɗaga kai ka hango dogayen hasumiyoyin dutse a kan tudu sun yi cirko-cirko, babu fenti babu ado. San Gimignano ke nan. 'Yan uwa masu karatu ko aiki a Italiya, da waɗanda ke shirin kai musu ziyara, sun sha aiko mini da tambayoyi a kansa, kuma kusan iri ɗaya ne. Na tattara su a nan.

A ina garin yake, kuma yaya ake faɗin wannan suna?

Rubutun ne kawai ke ba da tsoro. A baki "San Jiminyano" ake cewa. Yana yankin Toskana a tsakiyar Italiya, cikin lardin Siyena, a kan tudu mai tsayin sama da mita 300 da ke kallon kwarin kogin Elsa. Daga Fulorans, wadda a allunan hanya za ka ga an rubuta Firenze, kusan kilomita 55 ne. Daga Siyena kusan 40. Mutanen ƙaramar hukumar gaba ɗaya, har da na ƙauyuka, ba su kai 8,000 ba. Sunan na wani bishop ne na birnin Modena, Geminiano, da ya rayu a ƙarni na 4, wanda mutanen garin suka ɗauka waliyyinsu, suna bikinsa kowace 31 ga Janairu. A 1990 UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya.

Wa ya gina hasumiyoyin, kuma don me?

Mu da mun ji an ce hasumiya sai hankali ya tafi masallaci. Waɗannan yawancinsu ba na ibada ba ne, ba kuma na gadin gari ba. Na gidajen attajirai ne. A ƙarni na 12 da na 13 duk zuri'ar da ta ji ta isa sai ta tayar da tata, ta ɗaga ta sama da ta maƙwabta in da hali. Lokacin da garin ke ganiyarsa an ce sun kai 72. Yau 14 ake ƙirgawa, wasu su ce 13, ya danganta da ko ka sa guntayen da aka rage wa tsayi a lissafi.

Nuna isa ne, amma ba shi kaɗai ba. Garin ya rabu gida biyu kamar sauran garuruwan Italiya na lokacin: 'yan Guelfi masu goyon bayan Fafaroma, da 'yan Ghibellini masu bin babban sarkin daular da ke mulki daga ƙasar Jamus. A nan gidan Ardinghelli ne ke jan na farko, gidan Salvucci ke jan na biyu, ga gidajensu a tsakiyar gari kusan suna kallon juna. In rikici ya ɓarke, iyali su shige hasumiya su janye tsani, domin sau da yawa ƙofar tana sama, ba a ƙasa ba. Kaurin bango ya kusa mita biyu, ɗakin ciki kuwa ɗan tsukuku ne, ba wurin jin daɗi ba. Dubi jikin bangon da kyau, za ka ga ramuka masu kusurwa huɗu a jere. Nan ake cusa gumakan katako da ke ɗauke da baranda da 'yan gadojin da ke haɗa gidan ɗan uwa da na ɗan uwa, a wuce ta sama ba tare da an taka titi ba. Katakon ya ruɓe tuntuni, ramukan suka zama gidan tattabaru. Wanda aka ci da yaƙi kuma, a kan hasumiyarsa ake hucewa: a rage mata tsayi ko a rushe ta, kowa ya gani.

Da abin ya yi yawa, a 1255 hukumar gari ta kafa doka cewa kada ginin kowa ya wuce Rognosa, hasumiyar fadar mai gari, mai tsayin kusan mita 51. Labarin da ake bayarwa shi ne 'yan gidan Salvucci, da aka hana su wuce ta, sai suka gina biyu a jere, tagwaye, wai in an ɗora ɗaya kan ɗaya sun fi ta hukuma nesa ba kusa ba. Tagwayen suna nan har yau a gefen dandalin babban coci.

Akwai kuma wadda ake kira Torre del Diavolo, hasumiyar Shaiɗan. An ce mai ita ya yi doguwar tafiya, da ya dawo ya tarar ta ƙara tsayi, sai ya ce ai aikin Iblis ne. Ni dai zargina ya fi karkata ga 'yan uwansa da magina.

Ƙaramin gari haka, ina suka samo kuɗin?

Hanya ce ta fara kawo arzikin. Babbar hanyar masu ziyarar ibada daga arewacin Turai zuwa Rum, Via Francigena, ta ratsa tsakiyar garin, kuma titin da za ka bi daga ƙofa zuwa ƙofa yau shi ne ita. A shekarar 990 babban limamin cocin Canterbury na Ingila, Sigeric, ya rubuta zangon da ya yi ta yadawa a hanyarsa ta komawa gida daga Rum, kuma wannan gari na ciki. Inda matafiya ke kwana kuwa, akwai mai masauki, mai abinci, mai canji, mai dabbobin kaya. A 1199 garin ya ɓalle daga ikon bishop na garin Volterra ya fara mulkin kansa.

Sai za'afaran. E, wanda dai malamanmu ke jiƙawa su yi rubutu da shi. Ana noma shi a gangaren garin tun ƙarni na 13, kuma fataken San Gimignano sun kai shi ta tashar jiragen ruwan Pisa har Tunis da Iskandariyya da garuruwan Sham. Darajarsa ta kai a 1228 hukumar gari ta biya wani ɓangare na bashinta da shi a madadin kuɗi. Dalilin tsadar a fili yake: fure kusan 150,000 ake tsinka da hannu kafin a sami kilo ɗaya busasshe. Ribar da aka samu kuma aka riƙa ba da ita bashi da ruwa, abin da cocin lokacin ke la'anta amma attajirai ba su fasa ba. Wasu na cewa har tsayin hasumiyoyin ya yi amfani wajen shanya dogayen yadin da aka rina, nesa da ƙura da rana.

Me ya sa na nan suka tsira alhali na sauran garuruwa sun tafi?

Wannan ce tambayar da ta fi muhimmanci, kuma amsarta ba ta da daɗi. San Gimignano ba ita kaɗai ke da irin wannan gini ba. Bolonya ta yi hasumiyoyi kusan ɗari, har yau hasumiyar Asinelli mai mita 97 tana tsaye. Fulorans ta yi da yawa, amma a 1250 hukumarta ta sa aka sare kan kowace zuwa kusan mita 29. Garuruwan da suka ci gaba da arziki sun rushe tsoffin gine-gine sun yi fadoji na zamaninsu.

Nan kuwa arzikin ne ya tsaya cak. Annobar 1348 ta kashe kusan rabin mutanen garin, waɗanda kafin nan sun kai wajen 13,000. Gabar Ardinghelli da Salvucci ta ƙarasa abin da ya rage, har a 1353 garin ya miƙa wuya ga Fulorans. Bayan haka matafiya suka koma bin hanyar kwari ta Poggibonsi, wadda ba ta da hawa. Shekaru ɗaruruwa babu mai kuɗin rushe tsohon gida ya tayar da sabo. Hasumiyoyi da dama sun faɗi da kansu saboda rashin gyara, wasu aka rage su, amma tsarin garin bai canja ba. Talauci ne ya yi gadinsa. Sai a ƙarni na 19 baƙi masu yawon buɗe ido suka fara lura da shi. Masu tallar yawo suna kiransa "Manhattan ta zamanin da", wato suna kamanta shi da unguwar dogayen benaye ta New York, sunan da ke sayar da tikiti amma ya ɓoye wannan labari gaba ɗaya.

Ana barin mutum ya hau?

Ana hawa Torre Grossa, wadda ta fi kowace tsayi: mita 54, matakala 218. Don ka kwatanta, hasumiyar babban masallacin Agadas mita 27 ce, wato wannan ta ninka ta daidai. An fara ta a 1300 aka gama a 1311, kuma ta wuce Rognosa ne saboda ta hukuma ce, dokar ba ta hau kanta ba. Yawancin hawan a kan matakalar ƙarfe ne da ake ganin ƙasa ta tsakaninta, ƙarshen kuma tsani ne a miƙe, ka fito ta wata 'yar kafa kusa da ƙararrawa. Sunkuyar da kai. Mai babbar riga ya tattare ta ko ya bar ta a masauki, mai zani ko doguwar abaya ta kula da ƙafa, jakar baya kuma a rage mata kaya. Mai jiri ko ciwon gwiwa ya haƙura, akwai inda zai ga gari kyauta, zan faɗa a ƙasa.

Tikitin hasumiyar haɗe yake da na gidan tarihin da ke fadar hukuma, Palazzo Comunale, kuma kada ka wuce shi da gudu. A nan zauren majalisa yake, inda mawaƙin Fulorans Dante Alighieri ya zo a matsayin jakada a watan Mayun 1300 yana neman garin ya tsaya tare da ƙawancen Guelfi. A bangon akwai babban zanen Lippo Memmi na 1317. Akwai kuma tikitin haɗaka da ya haɗa gidajen tarihi da babban coci, wanda ya fi sauƙi ga mai son ganin duka.

Wanda ke son sanin yadda zama cikin irin wannan gida yake ya leƙa Casa Campatelli a titin San Giovanni: hasumiya mai mita 28 da gida ya haɗiye ta, ana ganin cikinta fayau daga ƙasa har sama.

Yaya ake zuwa ba tare da mota ba?

Garin ba shi da tashar jirgin ƙasa. Tashar da ake kira Poggibonsi-San Gimignano tana Poggibonsi ne, kusan kilomita 12 daga garin, kuma sunan ya yaudari mutane da yawa. Daga Fulorans ka hau jirgin Siyena ka sauka a Poggibonsi, ko ka shiga bas mai lamba 131, sannan ka kama mai lamba 130 zuwa San Gimignano, tafiyar minti 20 zuwa 25. Duka-duka ka ware awa ɗaya da rabi. Daga Siyena 130 ɗin ce dai, awa ɗaya da 'yan mintuna. Bas na sauke mutane a filin Montemaggio, dab da ƙofar San Giovanni.

Sayi tikiti kafin ka shiga, a tasha ko a shagunan da ke da alamar babban harafin T, kuma ka buga shi a 'yar na'urar da ke cikin mota. Tikitin da ba a buga ba daidai yake da babu, masu dubawa kuma ba sa sauraron "ni baƙo ne". Ranar Lahadi da ranakun hutu motocin kaɗan ne ƙwarai. Duba lokacin ta ƙarshe tun kana sauka, domin tasi a nan ba a tare ta a titi, sai an kira, kuma da tsada.

In na yi hayar mota fa?

Kada ka shiga cikin ganuwa da ita. Duk inda ka ga allo mai jan zobe da haruffan ZTL, wato yankin da aka taƙaita shigar motoci, kyamara na ɗaukar lambar mota, tarar kuma za ta same ka ta hannun kamfanin haya ko bayan watanni ne. Akwai wuraren ajiye mota na kuɗi a wajen gari: Giubileo da Montemaggio ta kudu, Bagnaia ta arewa. Da rani kafin ƙarfe 11 na safe na kusa sun cika. Lasisin tuƙi na gida kuma yana buƙatar na ƙasa da ƙasa a tare da shi.

Awa nawa suka isa? Ko sai an kwana?

Daga ƙofar San Giovanni zuwa ta San Matteo tafiyar minti 15 ce, don haka masu shirya yawo daga Fulorans suke ba garin awa ɗaya da rabi ko biyu, su haɗa shi da Siyena da Pisa a yini guda. Ra'ayina a nan ba na ɓoye shi: wannan asarar kuɗi ce. Duk manyan motocin suna isowa lokaci ɗaya, tsakanin ƙarfe 10 na safe da 5 na yamma, su juye mutane a titi ɗaya. Abin da za ka gani shi ne ƙeyar na gabanka da shagunan tsaraba, ka koma kana cewa an zuzuta wurin ne kawai.

Kwana ɗaya ya canja komai. Da la'asar sakaliya motocin sun tafi, sai ka fara jin takun ƙafarka a kan tubali, tsofaffin gari su fito su zauna, tsattsewa na kewaya hasumiyoyi. Da sassafe kuma hazo kan kwanta a kwari, garin ya zama kamar tsibiri. In kwana ba zai yiwu ba, iso kafin ƙarfe 9, ko ka zo da yamma ka koma a motar kusa da ta ƙarshe. Masauki a cikin ganuwa ya fi tsada, kuma ana karɓar ɗan harajin baƙi na kowane dare ban da kuɗin ɗaki.

Wane lokaci na shekara ya fi?

Afrilu zuwa farkon Yuni, sai Satumba da Oktoba. Yuli da Agusta zafi kan haura digiri 30, mu ba zai ba mu tsoro ba, cunkoson ne matsala. A watan Yuni ake bikin Ferie delle Messi, inda unguwannin gari ke fitowa da shigar mutanen da, da ganguna da tutoci da gasar mahaya dawaki. Ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ake tsinkar furen za'afaran da asuba, kafin rana ta buɗe shi. Janairu da Fabrairu sanyi ne na gaske, har ƙanƙara kan kwanta da dare, shaguna da masaukai da dama a rufe. Kasuwar gari ranar Alhamis da safe take ci.

Na shiga ƙofa. Ina zan nufa?

Bi titin San Giovanni ka haura har ka ratsa wata tsohuwar ƙofa, Arco dei Becci, sai ga ka a Piazza della Cisterna, dandali mai kusurwa uku da rijiya a tsakiya. An gina ta a ƙarni na 13 aka faɗaɗa a 1346, ruwan sama take tarawa. Taɓa bakin dutsen: igiyar guga ta ci shi ta bar kwari-kwari, irin wanda duk wanda ya taɓa jan ruwa a tsohuwar rijiya zai gane. Dandalin coci na manne da shi.

Daga nan ka bar babban titi. Hau bayan coci zuwa Rocca di Montestaffoli, kagarar da Fulorans ta gina bayan 1353 don ta sa wa garin ido, aka rushe yawancinta a ƙarni na 16. Yanzu lambun zaitun ne, shiga kyauta, kuma 'yar hasumiyar da ta rage a kusurwa ita ce inda ake ganin sauran a jere. Daga kan Torre Grossa ai ba ka ganin Torre Grossa. Sai ka gangara gabas ta ƙofar Fonti zuwa tsoffin wuraren ɗibar ruwa da wankin ulu, ƙarƙashin bakunan dutse, inda da wuya ka tarar da mutum biyar. Akwai kuma hanyar ƙafa da ta kewaye ganuwa, kilomita biyu da ɗan ɗori.

Gidajen da ke nuna kayan azabtarwa a babban titi kuwa, na 'yan kasuwa ne, ba su da wata alaƙa ta musamman da tarihin garin. Gara San Gimignano 1300, inda aka ƙera garin da yumɓu yadda yake a wancan zamani, da hasumiyoyinsa cif.

Malam, me ke cikin cocin, kuma Musulmi na iya shiga?

Ƙofa a buɗe take ga kowa mai tikiti, ba a tambayar addini. Shiga ko rashin shiga shawarar mutum ce, amma gara ya san abin da zai tarar. Daga waje babban cocin, wato Collegiata, wadda aka keɓe a 1148, bango ne kawai fili. Ciki kuwa babu inda ba a zana ba. A gefe ɗaya Bartolo di Fredi ya zana labaran Tsohon Alkawari a 1367: halittar Adamu da Hauwa'u, jirgin Nuhu, Ibrahim, Yusufu, Musa da hallakar rundunar Fir'auna a teku, jarrabawar Ayuba. A ɗaya gefen rayuwar Almasihu ce. Saman ƙofa Taddeo di Bartolo ya zana ranar hisabi, da azabar wuta dalla-dalla, har da tsiraici. Wato ana nuna annabawa da siffar mutane, kuma wanda zuciyarsa ba ta natsu da hakan ba ya tsaya a waje, babu wanda zai ce masa don me. Ga 'yan uwa Kirista kuwa, wannan Littafi Mai Tsarki ne a bango, an yi shi don jama'ar da ba ta iya karatu ba. Mai ƙananan yara ya san inda zai juya da su in an zo wajen zanen wuta.

A rufe kafaɗa da gwiwa. Hijabi da mayafi ba matsala. Namiji dai ana sa ran ya cire hula, al'adarsu ke nan a coci.

A can ƙarshen gari ta arewa akwai cocin Sant'Agostino, inda Benozzo Gozzoli ya zana rayuwar Augustine, waliyyin Kirista da cocin ya ci sunansa, a 1464 zuwa 1465. Mutumin nan ɗan Afirka ne, an haife shi a garin da yau ake kira Souk Ahras a Aljeriya, ko da yake mai zanen ya sa masa kayan mutanen Fulorans.

Ko'ina ina ganin sunan Santa Fina. Wace ce?

Yarinya ce 'yar garin da ciwo ya kwantar tana ƙarama. Ta yi shekara biyar a kan allon katako, ta rasu a 1253 tana da shekara 15. An ce furanni sun tsiro a kan allon da kan hasumiyoyi ranar rasuwarta, 12 ga Maris, ranar da ake bikinta har yau. An kafa asibiti da sunanta, kuma tsoffin tulunan magungunansa suna gidan tarihi. A ɗakin da aka keɓe mata cikin coci, Domenico Ghirlandaio ya zana jana'izarta wajen 1475, da hasumiyoyin garin a baya.

Me mai kiyaye halal zai ci?

A nan sai an buɗe ido, domin Toskana ƙasar naman alade ce. Dabbar da za ka gani a cushe a ƙofar shaguna aladen daji ne, cinghiale, kuma shi ne abin alfaharin girkin yankin. Riƙe waɗannan kalmomi, duk alade ne: maiale, cinghiale, prosciutto, pancetta, guanciale, lardo, salame, finocchiona, salsiccia. Strutto kitsensa ne, yakan shiga wasu burodi da kayan fulawa. Miyar nama da ake kira ragù sau da yawa gauraye take da alade da giya. "Senza maiale, senza vino" na nufin ban da alade, ban da giya, kuma masu hidima sun saba jin haka.

Abin ci bai ƙare ba. Akwai pici all'aglione, taliya mai kauri da ake murzawa da hannu, da tumatir da tafarnuwa. Akwai pappa al pomodoro, faten burodi da tumatir, da panzanella ta lokacin zafi, da cukwin tumaki, pecorino. Ribollita miyar wake da ganye da burodi ce mai riƙe ciki, amma tambayi ko an sa ƙashin alade a romon. Shinkafar za'afaran galibi da farar giya ake dafa ta. Burodin yankin babu gishiri, ba mantuwa aka yi ba. Naman da aka yanka bisa shari'a sai a nemo shi a manyan garuruwa kamar Fulorans da Siyena.

Vernaccia da za ka gani a kowace taga farar giyar garin ce, ita ce ta farko da ta sami shaidar asali ta hukumar Italiya a 1966. Ka san sunan don ka gane shi in ya ɓuya cikin jerin abinci. A takardar kuɗi kuma za ka ga coperto, kuɗin zama ne na kowane mutum, ba cuta ba ce.

Dogon layin da ke dandalin rijiya fa?

Na askirim ne, shagon Dondoli, wanda mai shi ya taɓa kasancewa cikin tawagar Italiya da ta ci gasar duniya. Layin na tafiya da sauri. Crema di Santa Fina, mai za'afaran, shi ne na garin. Akwai masu giya a ciki, irin na Vernaccia da Champelmo, sai a tambaya kafin a nuna da yatsa.

Ina zan yi salla?

Masallaci mafi kusa da aka sani yana Colle di Val d'Elsa, kusan kilomita 15, an buɗe shi a 2013, yana cikin 'yan kaɗan da aka gina musamman a matsayin masallaci a duk Italiya. Mai son Juma'a ya shirya ta can. Sauran salloli, ɗakin masauki ko wani lungu mai natsuwa a hanyar bayan ganuwa. Alƙibla daga nan kudu maso gabas take, ba gabas mai ɗan karkata arewa da muka saba a gida ba. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 9 na dare, a Disamba kuwa kafin 5 ta faɗi. Mai zuwa da azumi ya yi wannan lissafi.

Zan iya zuwa da Hajiya, ko da yaro a keke?

Za ka iya, amma a hankali. Babban titi hawa ne mai sauƙi, lungunan gefe ne masu tsauri da matakala. Akwai ƙaramar bas ta cikin gari da ke ɗauko mutane daga wuraren ajiye mota. Takalmi mai taushin ƙasa, da 'yan sulalla don bayan gida na kuɗi. Ruwan famfon titi ana sha, sai inda aka rubuta "non potabile".

Wace biza ake buƙata?

Ta Schengen, wadda ke ba da kwana 90 cikin 180. Italiya na da ofishin jakadanci a Abuja da ƙaramin ofishi a Legas, da kuma a Yamai, Akara da Yawunde. Tun Yunin 2024 kuɗin biza na babba yuro 90 ne, ban da na cibiyar karɓar takardu. Ana buƙatar inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000, shaidar masauki, tikitin dawowa da bayanan banki. Ana iya nema tun wata shida kafin tafiya, kuma mai son zuwa da bazara kada ya jira. Mutanen Najeriya da Gana su taho da mahaɗin soket, filoginmu mai ƙafa uku ba ya shiga na Italiya.

Wace tsaraba ce ta gaskiya?

Za'afaran. Na garin ya sami shaidar kariya ta Tarayyar Turai a 2005, kuma na ainihi zare-zare ake sayar da shi, ba gari ba, da tambarin DOP a jiki. Ana auna shi da ɓangaren giram, don haka in ka ga babban ƙunshi da araha, ba shi ba ne. Man zaitun ma ya yi, amma a babbar jaka zai shiga jirgi. Kayan farin dutse mai sheƙi na Volterra ne. Sauran tarkacen maganaɗisu da ƙananan hasumiyoyin roba, ko a filin jirgi za ka same su.

Daga nan sai ina?

Volterra tana yamma, kusan kilomita 30, ta girmi San Gimignano nesa, baƙi kuma ba su kai haka yawa ba. Certaldo na arewa, tana da tashar jirgi da tsohuwar unguwa ta jan tubali a kan tudu. Mai ƙarfin ƙafa kuma zai iya bin sawun matafiyan da: zangon Via Francigena daga nan zuwa Monteriggioni, ƙauyen da ganuwarsa ke nan da hasumiyoyin gadi, kusan kilomita 30 ne, yini guda cur. Wanda ya fi sauƙi shi ne ka kwana a Gambassi Terme ka taho San Gimignano a ƙafa, kilomita 13 da ɗori, ka shigo ta ƙofar San Matteo. Ɗauki ruwa isasshe, ka fita da sassafe, ka bi alamar fari da ja da aka shafa a kan duwatsu da turakun hanya.